Yadi mai ɗigo-ɗigo a ɗakin amarya: inda zai yi kyau da inda zai ɓata

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. A Makka nake zaune. Ƙanwata za ta tare bayan Hajji a gidan haya, ɗakin kwana ɗaya da majalisi, wato falon baƙi. Na sayi mita 10 na yadin auduga, shuɗi mai duhu da farin ɗigo-ɗigo, a kasuwar Utaibiyya. Niyyata in yi labule da matasan jingina da zanin gado duk da shi, in kuma ɗiɗɗiga wa bango irinsa da fenti. Umma ta ce wannan adon ɗakin yara ne. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a auren nan, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Yadinki kada ki mayar, kin yi saye mai kyau. Niyyar shimfiɗa shi ko'ina ce, daga taga har gado har bango, nake roƙonki ki ajiye. Umma ta hango wani abu na gaskiya, kuma in kin bi abin da zan faɗa miki ina kyautata zaton ita da kanta za ta yaba.

Abin da ke mayar da ɗigo kayan yara shi ne girmansa da yawan launinsa da cunkosonsa. Ɗigo mai faɗin bakin kofi, ja da rawaya da kore a wuri ɗaya, an matse su har suna neman taɓa juna, wannan kam na ajin 'yan rauda ne, wato makarantar renon yara. Naki launi biyu ne kacal, kuma masu nutsuwa. Ki tuna jikin zabuwa: fari ƙanana a kan duhu, kowane ɗigo da filinsa, a wuya sun yi mitsi-mitsi, a fiffike sun ɗan girma. Ba wanda ya taɓa kallon zabuwa ya ce ta yi shigar yara. Masaƙanmu na gida sun daɗe da gane haka, shi ya sa saƙi, wanda shuɗi da fari ne a haɗe ƙanana-ƙanana, ya zama tufar manyan mutane da sarakuna.

To me ya sa na hana ki sa shi ko'ina? Domin ɗigo ba ya barin ido ya huta. Layi yana jan ido ya bi shi ya wuce, fure ido yana kallonsa ya gama. Ɗigo kuwa sai ido ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. In labule da matasai da bango duk suna wannan kira a lokaci guda, baƙuwa za ta zauna minti kaɗan ta ji kanta ya yi nauyi ba ta san dalili ba. A kowane ɗaki wuri ɗaya babba kawai ake ba ɗigo, sauran kayan su zama marasa zane, su tallafa masa. A majalisin ƙanwarki ni labule zan ba shi.

Kafin almakashi ya taɓa yadin nan, ki rataye shi a kan ƙofa, ki ja baya ki zauna a ƙasa daidai inda baƙi za su zauna, da rana sannan da dare a hasken fitila. Ɗigon da bai wuce ƙwayar adas ba, ɗan mitsitsin waken nan, daga nisan mita 3 ba ya fitowa a matsayin ɗigo, sai ya narke yadin ya koma kamar shuɗin da ya koɗe. Irin wannan ya fi dacewa da abin da ake riƙewa a hannu ko a jingina da shi. Wanda ya kai tsabar riyal ɗaya ko murfin gorar ruwa, shi ne na labule. In ya fi haka girma, tattarar labulen za ta yi ta yanke shi rabi-rabi, kyan ya tafi.

Sai wanki. Auduga tana tsukewa a wankin farko, saboda haka a wanke kafin a yanka, ba bayan an ɗinka ba. Shuɗi mai duhu kuma yakan zuba ya shiga farin ɗigon. Ki jiƙa farin ƙyalle, ki ɗora a gefen yadin, ki danna da dutsen guga mai zafi. In shuɗi ya fito a ƙyallen, ki wanke yadin shi kaɗai da ruwan sanyi, kina sauya ruwa har ya fita fes, kada ki bar shi a jiƙe cikin bokiti, ki shanya a inuwa. Ruwan famfonmu na Makka da rana tsaka ya isa ya ƙona hannu, to ki tara shi tun dare ya huce.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi ba ni hankalinki, domin a nan ne aikin ɗigo yake tashi ko ya faɗi. Ɗigo iri biyu ne a duniya, na inji da na hannu. Na inji shi ne irin yadinki: girma ɗaya, tazara ɗaya, sahu a miƙe. Wannan bai yawaita ba sai da aka samu injin buga zane a kan yadi da naɗin tagulla, wanda wani mutumin Sikotilan mai suna Thomas Bell ya yi wa rajista a 1783. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 matan Turai da Amurka sun shiga yayinsa, a shekarun 1950 kuma manyan gidajen ɗinki na Paris irin su Dior suka sake ɗaga shi. Na hannu ya girme shi nesa ba kusa ba. Shi ne na ɗaurin rini, wanda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda masu ita ke lissafa kafuwarta tun 1498, kuma shi ne matan Gujarat da Rajasthan a Indiya suke tsunkulowa da farce su ɗaure da zare, dubbai a gyale ɗaya. Kyan na inji daidaito ne. Kyan na hannu shi ne babu biyu da suka yi kama sak. Abin da ba shi da kyau shi ne na tsakiya, wato mutum ya nufi irin na inji amma ya ƙi awo, ya ce zai ƙiyasta da ido. Zanen fure yana rufa wa mai shi asiri in hannu ya goce. Ɗigo ba ya rufawa: guda ɗaya ya kauce da rabin yatsa, shi ne abin da kowa zai fara gani da ya shigo. Don haka a kowane aiki ki yanke shawara tun farko, ko ki auna sosai, ko ki saki hannu gaba ɗaya yadda kowa zai gane da gangan ne.

Wannan ya shafi ɗinkin labulen kai tsaye. Yadi mai araha sau da yawa ana buga zanensa a ɗan karkace, sahun ɗigon bai bi zaren saƙar ba. An taɓa kawo mini labule gyara, ɗinkinsa tsaf, kalmasarsa a miƙe, amma a gefen dama ɗigon ƙarshe yana zaune cikakke a kan kalmasa, kafin a kai hagu kalmasar ta cinye rabinsa. Mai labulen ta ce kullum gani take kamar tagar ce ta karkace. Maganin haka, ki shimfiɗa yadin a ƙasa, ki zare zare ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, ki duba ko sahun ɗigo ya bi hanyar da zaren ya bari. In saɓanin kaɗan ne, ki bi sahun ɗigon wajen yanka, domin shi ido ke gani. In ya yi yawa, kada ki yi labule da shi, labulen zai rataya a murɗe. Ki mayar da shi matasai, ƙananan yanka suna ɓoye karkata.

Lissafin mita goman kuwa ga shi. In faɗin yadin santimita 150 ne, taga kuma mita ɗaya da rabi, kina bukatar ninkin faɗin tagar sau biyu don tattara ta cika, wato fale biyu. Kowane fale ki ba shi tsawon daga sandar labule zuwa ƙasa, ki ƙara kamar santimita 30 na kalmasar sama da ƙasa, zai kama mita 3 ko ƙasa kaɗan. Mita 6 sun tafi. Ki yanka falen biyu daga sahun ɗigo iri ɗaya, domin in an ja labulen ya haɗu a tsakiya sahu ya gamu da sahu. Kuma don Allah ki sa masa shafi na farin yadi a baya. Ranar garin nan ba ta da sauƙi a kan shuɗin auduga, labule marar shafi kafin wani Hajjin ya zagayo za ki ga hanyoyi fari-fari a bayan kowace tattara. Kuɗin shafi ya fi kuɗin sabon labule sauƙi.

Sauran mita 4 ba dole ki cinye su yanzu ba. Mita ɗaya tana fitar da fuskar matashi shida in kin yanka santimita 50 a kan 50, bayansu ki yi da yadi marar zane. Amma a majalisin da labulensa ke da ɗigo, matashi biyu ko uku masu ɗigo sun isa, a warwatsa su cikin masu launi ɗaya, ruwan madara ko ruwan ƙasa ko shuɗin da ya yi daidai da na labulen. Wata dabarar da na fi so ma ita ce a bar matasan duka ba zane, a yanka yadin ɗigon siriri a karkace a yi musu bakin zagaye da shi. Daga nesa kamar ba komai, sai an zauna a ga ashe da labulen suke magana. Wajen yanka fuskar matashi ki sa ɗigo ɗaya a tsakiya cif, ki auna daga shi zuwa ɓangarori huɗu, yadda in ɗinki zai yanke ɗigo a dama zai yanke daidai irinsa a hagu.

Ki lura da kafet. Yawancin gidajen haya a nan kafet ɗinsu ja ne mai manyan furanni, kuma fure babba ba ya shiri da ɗigo. In ba za a iya sauya shi ba, gara labulen ɗigon ya koma ɗakin kwana. Abin da ɗigo ke zama lafiya da shi shi ne layi-layi mai launinsa.

Bango. A majalisi na ce a'a. A ɗakin kwana, in zanin gado da labule ba su da zane, bango ɗaya na bayan gado zai iya ɗauka, da sharaɗi biyu. Na farko, a nemi izinin mai gida, kada amarya ta fara zamanta da rigimar kuɗin gyara. Na biyu, kada ya zama bangon da ke alƙibla. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa a mayar wa Abu Jahm da shi a karɓo masa marar zane, domin zanen ya ɗauke masa hankali a salla. Ɗigo ba surar mai rai ba ne, ba wannan damuwar a kansa, amma wajen jan ido ba shi da na biyu. Inda za ta riƙa shimfiɗa sallaya, gabanta ya zama wayam.

Launin ɗigon bango kada ya yi faɗa da bangon. Ruwan gwal a kan ruwan madara yana kyau. Wanda ya fi shi a wurina shi ne launi ɗaya sak, bango da fenti marar sheƙi, ɗigo da mai sheƙi. Da rana kusan ba a ganinsa, da an kunna fitilar gefen gado sai ya fito. Wannan ko Umma ba za ta kira shi na yara ba.

Ga awon, ki rubuta shi. Mu ce bangon faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 2 da santimita 70, ɗigon kuma faɗinsa santimita 5. Ki yi sahu-sahu a kwance, tsakanin sahu da sahu santimita 15. A sahun farko ɗigo na farko ya faɗo santimita 15 daga kusurwa, daga nan kowane santimita 30, zai ba ki 10. A sahu na biyu ki fara daga santimita 30, yadda kowane ɗigo zai faɗo a tsakiyar biyun da ke samansa, zai ba ki 9. Haka za ki yi ta musanyawa har sahu 17, jimla ɗigo 162. Wannan saɓa sahun shi ne sirrin yadin da kika saya, ki duba za ki gani. In aka jera ɗigo a kan ɗigo kai tsaye, bango yakan yi tauri kamar takardar lissafi. Kada ki ce bari in ƙara girman ɗigon don ya fito: in kin ninka faɗinsa sau biyu, filin da ya ci ya ninka sau huɗu, abin da yake ɗan ado sai ya mamaye ɗakin. Kuma bangayen gidajen haya ba kasafai suke miƙe ba. Ki auna tsawon bangon a dama da hagu, ki fara aiki daga tsakiya ki nufi gefe, don in akwai saɓani ya ɓuya a kusurwa da bayan gado.

Kayan aikin ba tsada. Zare mai ƙarfi ki goga masa alli, mutum biyu su riƙe shi a miƙe a jikin bango, ki ɗago tsakiyarsa ki saki, zai bar layi. A kan layin ki sa alamar fensir. Ki samu roba mai ɗan kauri irin ta fayil ɗin takardu, ki kifa finjalin gahawa ko abin da ya yi girman da kike so, ki zagaye, ki yanke da reza a hankali. Ki yi guda uku ko huɗu, don fenti yana taruwa a bakin ramin, dole ana wankewa. Ki manna da salatif na takarda. Sai soso: ki tsoma shi a fenti, ki daddana a kan tsohuwar jarida har sai kin ga ya kusa bushewa, sawunsa yana fita da ƙananan ramuka, sannan ki kai bango. Dannawa ake yi, ba shafawa ba, daga bakin rami zuwa ciki. Soso mai jiƙe sharkaf shi ke tura fenti ƙarƙashin roba, ɗigo ya fito da gemu. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ki cire robar fentin yana ɗanye, ki ɗago ta tsaye ba ja ba.

In mai gida ya ƙi, akwai ɗigon mannawa da ake sayarwa a shagunan kayan araha da ake kira abu riyalain da na kayan rubutu. Awonsu ɗaya ne da na fenti. Sai dai gamsu ba ya son zafi. Ɗakin da ake kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a fita a rufe, ko bangon da rana ke duka ta waje, za ki tarar sun ɗaɗɗago baki ko sun zame. Ba sa kama bango mai kaushi ko mai ƙura, kuma sabon fenti sai ya yi makonni kafin a manna masa komai. Ranar tashi daga gida a ɗumama su da na'urar busar da gashi kafin a ɓare, kada su taho da fentin mutane. Ni dai a gidan haya na fi ba da shawarar a samu falle na katako marar nauyi, a yi masa fenti a ɗiɗɗiga, ko a ja ragowar yadinki a kansa a kafe ta baya, a jingina a bayan gado. Duk inda suka koma da shi za su tafi.

Bari in ɗan ratse, domin abin yana raina. Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ado. Jeren da kakanninmu ke yi wa amarya, tasoshi da kwanonin samira sahu-sahu a bango tun daga ƙasa har sama, me ya raba shi da ɗigo-ɗigo? Da'ira ce kusa da da'ira, an auna tazara da ido da tafin hannu. Magina ma sukan kafa tasa a tsakiyar rufin soro. A nan ƙasar kuma, in Allah ya kai ki yankin Asir a kudancin Saudiyya, ki shiga gidajen Rijal Alma ki ga zanen bangon da matansu ke yi, wanda ake kira Al-Ƙaɗɗ Al-Asiri, da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2017. A kan farin bango suke zana layuka da siffofi masu kusurwa uku, ɗigo kuma yana bin gefensu yana cike gurbi. Abin koyi a wurinsu shi ne ɗigon ba ya tsayawa shi kaɗai, kullum akwai layin da ya tsare shi. Kina iya ɗaukar wannan: maimakon bango duka, ki ja layi biyu a tsayin ƙugu, tsakaninsu kamar tafin hannu, ki jera ɗigo sahu ɗaya ko uku a ciki. Fenti kaɗan, aikin yini ɗaya. Ko ki samu faifai biyar ko bakwai masu girma daban-daban ki jera a bangon majalisi da ke nesa da labulen. Duk Bahaushiyar da ta shigo za ta san ɗakin 'yar gida ne.

Zanin gado kuwa, tunda na hana ki yin sa da yadin labule, ki gwada ɗigon hannu. Ki sayi farar auduga zalla, domin rinin gida ba ya kama leda-ledan yadi. Ki wanke sitacin kamfani ya fita. Ki sa ƙwayar wake ko ta hummus a ƙarƙashin yadin, ki tattaro, ki naɗe wuyanta da zare mai ƙarfi tamau, zaren buhu yana yi. Ki sani wannan zobe zai ba ki, farin da'ira mai launi a tsakiya. In ƙaramin ɗigo kike so, tsunkulo yadin kawai za ki yi ki naɗe bakin, ko ki sa ƙwayar shinkafa. Ba sai kin cika zanin duka ba, gefe-gefe da bakin rigar filo sun isa, aikin dare biyu ko uku ne in ku biyu ne kuna hira. Ki jiƙa yadin da ruwa kafin ki tsoma a rini, ruwan da ya riga ya shiga ƙarƙashin ɗaurin shi ke hana launi kutsawa. Ki bi abin da aka rubuta a jikin kwalin rinin, ki sa safar hannu, ki ɗauraye sosai kafin ki kwance zare. A nan kada ki damu in wani zobe ya fi wani, kyansa ke nan.

Wasu suna yin akasin haka, su ɗiga Clorox, wato ruwan bilic, a kan yadi mai duhu da auduga mai tsinke don launin ya fita. Yana yi, amma ki gwada a ƙyalle tukuna, domin sau da yawa ba fari yake bayarwa ba, ruwan goro ko ruwan ƙasa yake komawa. A sirka shi da ruwa, a sa kwali a ƙasa, a ɗauraye da zarar launi ya fita, in ya daɗe yana cin zaren. Ba a sa shi a siliki ko ulu. Taga a buɗe, kuma kada ya kusanci ruwan wanke masai ko khal, wato ruwan tsamin da ake kira vinegar, haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke sarƙe numfashi.

Ƙananan kaya su ne wurin da za ki more da kuɗi kaɗan. Kwalaben zuma ko na jam da aka wanke, a ɗiɗɗiga musu fari, su zama na turaren wuta da humra. Kaskon turare na ƙasa, a yi masa sahu biyu a ƙugu, ta waje kawai, nesa da inda garwashi ke zama. Tire na katako, a zagaye bakinsa. Ba kya bukatar burushi. Kan ashana yana ba da ƙaramin ɗigo, kan ƙusa wanda ya fi shi, robar gindin fensir wanda ya fi wannan, sabon asuwaki da aka yanke bakinsa a daidaice ya ba da babba. Ki tsoma sau ɗaya ki ɗiga sau ɗaya in kina son su yi girma ɗaya. In kin tsoma sau ɗaya kin ɗiga sau huɗu a jere, za su yi ta ƙanƙancewa, kuma wannan ma ado ne mai kyau a gefen tire. Ɗigo uku a haɗe, biyu a ƙasa ɗaya a sama, irin wanda muke gani a ƙarshen aya a Alƙur'anin rubutun hannu na gida, yana kyau ƙwarai a kwalba. Finjalai da kofuna sai da fentin da aka yi domin tangaran, kuma a bar faɗin yatsa biyu daga inda leɓe ke taɓawa. Maɓallai da duwatsun mannawa kada ki sa su a matasan da ke ƙasa, gidan aure ne, yau ko gobe akwai mai rarrafe da zai ɓalle ya kai baki. Ƙullin zare da allura ya fi aminci, kuma ba ya fita a wanki.

In fentin yadi za ki yi amfani da shi a rigar filo, ki zura kwali a ciki kada ya ratsa zuwa baya, ki bar shi ya kwana ya bushe, sannan ki juya ki goge ta baya da dutse mai zafi na 'yan mintoci. Zafin ne ke kama shi, in ba a yi ba wankin farko zai tafi da rabinsa.

Tunda lokaci ya matso, ki fara da wankin yadi da duba karkatarsa a makon nan, don in shagon zai yi miki canji ya zama kafin cunkoson alhazai ya rufe hanyoyi. Ki ɗinka matashi ɗaya tak, marar zane mai bakin ɗigo, ki kai wa Umma tare da ƙyallen labulen da shafinsa, ki ce ta zaɓa miki tsakanin ruwan madara da ruwan ƙasa. Rini da fentin bango ki bar su sai an karɓi makullin gidan kin ga kafet da hasken tagar da idonki. Ragowar yadin ki naɗe shi a kan kwali maimakon ninkewa, ki ajiye inda rana ba ta kai, zai yi miki amfani ranar da wata fuskar matashi ta tsufa ko gahawa ta zube mata.